Wa Zai Amsa Mini da Koren Biro?

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran malamar laburaren sakandaren unguwarmu, bayan jinyar kwana uku kacal. Yau Asabar, kuma har yanzu na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga shago sai in fito, in na ɗauki sifana sai in ajiye. Ni mai gyaran famfo ne, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma akwai maganar da ban samu na faɗa miki ba, Malama, ita ce ta hana ni sukuni. A cikin duk masu yabonki yau, ni ne wanda ya yi miki rashin kunya na ƙarshe.

Shekara ashirin da biyu kika yi a ɗakin nan mai taga biyu da fanka mai ƙara. Littafin da kowa zai ce ya mutu, ke sai ki sa allura da zare da gam ki tashe shi. Lokacin da mai ɗakina ta rasu, shekara huɗu da suka wuce, 'yata Auta tana da sha biyu. Ta daina fita wasa lokacin hutun tara a makaranta, ta daina magana da kowa. Ba ki yi mata wa'azi ba. Tsumma kika miƙa mata kika ce kantocin littattafai sun yi ƙura, kullum ta zo ta taya ki. A wajenki bakinta ya sake buɗewa, ni kuwa ko godiyar kirki ban taɓa zuwa na yi miki ba.

Kina da wata ɗabi'a da ban taɓa jin wani yana yi ba. Duk littafin da yara suke rububinsa, sai ki manna fararen takardu a bayansa, wanda ya karanta ya rubuta ra'ayinsa. Ba a sa suna, ba a zagi, kuma dole a faɗi dalili. Kowa ya gama sai ya bar fili a ƙasa, ke kuma ki bi da koren biro. Ba kya cewa an yi daidai ko an yi kuskure, tambaya ɗaya kawai kike jefawa. Akwai littafin da takardunsa suka yi yawa har ya daina rufuwa sai an ɗaure shi da roba. Yara suka sa masa suna Mai Ciki.

Labarin wani gari ne da ruwa ya ƙafe a duniya, masu mulki suka kewaye rijiyoyin da suka rage da katanga, suna raba ruwa da kati. Wanda ya tsufa ko ya kwanta ciwo, sai a soke katinsa. Wata yarinya 'yar sha biyar ta ɗauki ƙanenta ta gudu neman inda ake cewa akwai kogi, ta bar ubanta kwance. Iyakar abin da na sani a lokacin ke nan, shi ma a bakin wasu iyaye na ji.

Ana cikin haka Auta ta ci jarrabawa, aka ba ta gurbin karatu kyauta a makarantar kimiyya ta kwana, tafiyar yini guda daga nan. Fom ɗin yana jiran sa hannuna da nata, kuma jibi Litinin za a rufe karɓa. Yarinyar nan ta dube ni ta ce ba za ta je ba. Na tambayi dalili, ta ƙi faɗa mini. Na lallashe ta, na yi faɗa, na sa gwaggonta ta yi mata magana, ko gezau. Da na ga Mai Ciki a ƙarƙashin matashinta, sai na ce to, ga ɓarawon. Littafi ya cika mata kai da tsoron duniya, ga shi kuma yana koya wa yara su watsar da iyayensu. Ban ma tsaya na lura cewa zarge-zargen nawa biyu suna karo da juna ba.

Haka na faɗo miki laburare da kayan aiki a jikina, na dire miki littafin a tebur, ina ɗaga murya a gaban yara. Na ce kina lalata tarbiyya, na ce sai na kai ƙararki wajen shugaban makaranta an ƙona littafin. Kika bari na gama tsaf.

"Baban Auta, ka karanta shi?"

"Ina da lokacin tatsuniya ne?"

Kika ɗauko shi kika sa mini a hannu. "Tafi da shi. In ka gama ka dawo ka yi mini faɗa da hujja, zan saurare ka. Ka karanta har da na bayan."

Na jefa shi cikin akwatin kayan aiki, ya yi mako biyu tsakanin sifanu da tsumman mai. Ranar Talata na zo da shi, ban buɗe ba, da takardar ƙara a aljihuna. Na tarar da kwaɗo a ƙofarki. Maigadi ne ya gaya mini, yana share ido da hannun riga. Na zauna a kan bencin da ke ƙofar, na rasa abin da zan yi da hannuwana. Sai na kwance robar littafin.

Kwana uku na yi ina karatu a shago, masu kiran aiki suna ta bugo waya ina cewa gobe. Zan faɗa miki gaskiya, marubucin nan bai san aikin famfo ba. Ba a fasa babban bututu da dutse, ko waye kai. Amma a shafi na ɗari da arba'in na ci karo da abin da ba wanda ya gaya mini. Ashe ba yarinyar ce ta gudu ba. Uban ne ya ɗaure mata katinsa na ruwa a bakin zane, ya ce in ta zauna saboda shi bai yafe ba.

Daga nan na shiga takardun baya. Kai, yaran nan suna da baki. Wani ya ce marubucin ba shi da imani, me akuyar ta yi masa da zai kashe ta a babi na shida? Kika tambaye shi, da me za su ci? Wata ta ce tun da ta karanta ba ta iya ganin bokiti ba ruwa, har mamarta ta fara zargin ko lafiya. Wani ya ce ƙarya ce tsagwaronta, ba mai tafiyar kwana shida da gora ɗaya, amma duk da haka sau uku ya karanta. Rabinsu sun ce yarinyar jaruma ce, rabi sun ce butulu ce, suna ta ja-in-ja daga shafi zuwa shafi. Na yi dariya ni kaɗai, sannan na tuna ba kya nan.

A takarda ta kusa da ƙarshe na ga rubutun da na sani, domin shi ne yake manne a bangon ɗakina da lokutan shan maganina. Ga abin da ta rubuta: "Yarinyar ba ta kyauta ba, ko da shi ya ce ta tafi. Manya suna faɗin haka ne kawai. Babana yana da ciwon suga. In ban tsaya a kansa ba ba ya shan magani, kuma in ƙafarsa ta kumbura ɓoyewa yake yi. Ni ba inda zan je."

A ƙasa, da koren biro: "Kin tambaye shi abin da shi yake so?"

Ba ta amsa ba. Filin yana nan fari.

Malama, kin san rubutunta sarai. Kin san dalilin da ni ubanta na kasa ganowa, kina tsaye ina zazzaga miki rashin mutunci, amma ba ki tona yarinyar a gaban mutane ba. Kin ba ni amsar a hannu, na kai ta cikin tsumman mai. Wannan abu yana ci mini rai, kuma ban ga ranar da zai daina ba.

Jiya da safe na ɗauko maganina da kaina, na shanye a gabanta ba tare da ta ce uffan ba. Ta bi ni da kallo kamar ta ga baƙo. Na ce, "Auta, ba ki tambaye ni ba, amma ga amsa. So nake ki tafi." Na gaya mata gwaggonta za ta dawo gidan da zama, mai kemis na bakin layi zai riƙa duba ƙafar duk Laraba. Ta ce, "Baba, kwana biyu za ka yi ka manta." Na ce in na manta ta bugo waya ta yi mini faɗa, ai ta saba. Ta yi kuka sosai, na ciwona da na rashinki a haɗe. Yau da safe na tarar da fom ɗin a kan akwatin kayan aikina, ta sa hannu. Na sa nawa.

Takardar ƙara na yayyaga ta. A farar takarda ta ƙarshe ta Mai Ciki na rubuta nawa ra'ayin, ban sa suna ba, kamar yadda kika shar'anta: uban ya yi daidai, kuma ga dalili. Sai da na gama na ga na bar fili a ƙasa, yadda yara suke yi.

Ga maigidanki, da 'ya'yanki uku, da 'yan uwanki, da ɗaruruwan yaran da suke leƙen tagar laburare tun ranar Talata, ina miƙa ta'aziyyata. Ina kuma roƙonku ku yafe mini a madadinta, domin na zo a makare. Allah Ya jiƙanki, Malama, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya ba iyalinki haƙurin rashinki, Ya sa mu cika da imani.

Ranar Litinin, in Allah Ya kai mu, zan kai fom da kaina, daga nan in biyo in mayar da littafin. Tabon man da ke bangonsa nawa ne.