Eriyar Da Muka Zura Ta Bututun Ɗakin Sanyi

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ranar da na zaunar da sarkin fawa gaban kwamfuta a unguwarmu ta Mardjandafak ba za ta fita daga kaina ba.

Ni 'yar mahauci ce, kuma a lokacin ina shekarar ƙarshe a makarantar fasaha, ajin lantarki. Baba bai taɓa son karatun ba. Kullum ya tarar da ni cikin wayoyi sai ya girgiza kai, ya ce wannan ilimin ko miya ba zai kaɗa ba.

Da bazara ta kama, naman Baba ya fara wari. Shi kaɗai yake barin nama a ɗakin sanyin haya har yamma, saboda wani gidan abinci da yake kai wa, sauran mahauta tun safe suke kwashe nasu. Sau uku ana dawo masa da kaya. Alhajin da ke da ɗakin ya nuna ma'aunin ƙofa, wanda allurarsa ba ta taɓa barin digiri huɗu ba, ya ce a tambayi mutum inda yake samo dabbobinsa. Nan da nan magana ta zaga kasuwa wai mushe Baba yake sayarwa. Mushe fa! Mutumin da ya shekara talatin yana yanka da bisimilla. Sarkin fawa ya ce in aka sake ko sau ɗaya, zai ɗauke masa tebur.

Ranar da na ga Baba ya ture tuwo, raina ya ɓaci matuƙa. Na je na roƙi Alhaji ya bar ni in auna sanyin da rana. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in je in auna tukunyar uwata. To, ya taɓo ni.

Na haɗa abin auna zafi da 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da muke kira mikrokontrola, na sa mata batir da ƙaramin rediyo mai aika lamba duk minti ɗaya, na cusa su cikin robar man shafawa. Baba ya shigar da ita a kwandonsa, ba don ya yarda ba, don dai na ishe shi. Ni kuma na ari laftof ɗin malaminmu, na jona masa mai karɓar saƙon, na zauna a shagon gwaggona da ke kallon ɗakin.

Ranar farko ko lamba ɗaya ba ta zo ba. Na manta bangon ƙarfe ne, saƙon rediyo ba ya ratsa shi. Gwaggo ta yi ta tsokanata wai talabijin ɗina ba ta kama tasha. Na zaga baya, na ga bututun roba da ruwan ɗakin ke ɗiga ta cikinsa. Washegari na ƙara wa eriyar tsawo, na sa Baba ya zura ta nan.

Sai ga lambobi suna sauka. Uku, uku, huɗu. Ƙarfe sha ɗaya na wucewa suka kama hawa, kafin azahar sun kai sha biyar. Ashe da zarar wutar gari ta ɗauke, Alhaji yakan juya janaretansa zuwa injin ƙanƙarar da yake sayarwa, sai la'asar ya mayar.

Kwana uku ina tarawa, sannan na je da ƙafata na ɗauko sarkin fawa da rana tsaka. Alhaji ya fito yana faɗa, wai yarinya ce ta rubuta lambobinta. Sarki ma ya ce shi bai san karatun wannan allo ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kada ka yarda da ni. A buɗe ɗakin ka shiga da kanka. Sannan a mayar da wuta, ka zauna nan ka ga ko lambar za ta sauka."

Aka buɗe. Ya shiga, ya ji babu sanyin kirki, ya fito ya nuna janareta da sandarsa, aka mayar da wuta. Ya zauna a bencin Gwaggo yana kallo, sha biyar ta koma sha huɗu, ta koma sha uku. Ya miƙe ya ce, "Kalas, magana ta ƙare. Tebur yana nan inda yake."

Yabo da baki ba halin Baba ba ne. Amma washegari na tarar ya rataye robar nan a saman teburinsa, duk wanda ya tambaya sai ya ce aikin 'yarsa ne.

Tun daga ranar na san cewa idan mai ƙarfi ya kulle ƙofa ya ce maganarsa ce gaskiya, kuka da rantsuwa ba za su buɗe ta ba. Ka nemi abin da za a gani da ido, ko da ta bututun ruwa ne za ka fito da shi.