Dutsen da Kawu Ya Yi wa Matarsa Alkawari

Kawuna malamin jami'a ne, kuma fanninsa duwatsun da ke kewaya rana a sararin samaniya. Kada ka kuskura ka ce musu taurari a gabansa, sai ya ajiye cokali ya yi maka lacca har abinci ya huce. Mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce, takan ce duk duwatsun da Allah ya zuba a ƙasa ba su ishi Yaya ba, sai da ya ɗaga kai sama.

A gidansa na zauna lokacin da nake karatu, don haka na san aikin. Ofishinsa na ƙarshen baranda a hawan sama, labule kullum a sauke, fanka na kuka, ƙura ta lulluɓe komai ban da wata kujera ta katako a gefen teburinsa. Aikin kuwa mai cin rai ne. Hotuna biyu na wuri ɗaya a sama, an ɗauke su da ɗan tazarar lokaci, sai ya riƙa sauya su a kan allo, wannan, wancan, wannan, wancan. Taurari ba sa motsi. Ɗigon da ya yi tsalle shi ne dutse.

Yana sabon malami, sabon ango, ya ga wani ɗigo da ba wanda ya taɓa gani. Sai dai a sana'arsu gani ɗaya ba ya wadatarwa. Dole ka sake kama dutsen, ka kuma kamawa, har a tabbatar da hanyar da yake bi, sannan a ba ka damar raɗa masa suna. Kawu ya yi wa matarsa alkawarin sunanta zai sa. An ce dariya ta yi, ta ce, "Wasu mazan zane suke kawowa, ni nawa dutse ne, shi ma ba a hannu ba."

A makon da aka ba shi madubin hangen nesa don ya sake dubawa, naƙuda ta kama ta. Ya bar komai ya tare a asibiti. Ita da jaririn ba wanda ya tashi. Kafin a share makoki dutsen ya shige hasken rana, kuma ɗan lissafin da ke hannun Kawu bai isa ya nuna inda zai ɓullo ba.

Daga nan ya shiga nema. Sa'o'insa suka zama farfesoshi, shi yana nan yana sauya hotuna. Bai sake aure ba. Kujerar nan ta katako a kanta marigayiyar take zama a da in ta kawo masa abincin rana, kuma ba ɗalibi ba, ko shugaban sashe ne ya shigo sai dai ya tsaya. Sau da yawa nakan iso ƙofar in ji yana magana ƙasa-ƙasa, yana yin shiru kamar mai sauraron amsa. Tsoro yakan kama ni, ba zan ɓoye ba. Haushi kuma ya fi tsoron yawa.

Wata rana na kasa haƙuri, na ce, "Kawu, wanda ya tafi fa ya tafi. Ka ƙare rayuwarka a kan tsakuwa."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Sarkin tsiwa, a sama ba abin da ke ɓata. Lissafina ne bai kai ba."

Bayan ya yi ritaya mantuwa ta soma cinsa. Makulli da farko, sai hanyar gida, sai sunayenmu. Muka dawo da shi wurin mahaifiyata, da shi da kujerar, don ya ƙi shiga mota sai da aka ɗora ta.

Bara, wata rana da hantsi, wata tsohuwar ɗalibarsa, wadda yanzu ke riƙe da sashen, ta yi sallama da kwamfuta a hannu. Ta durƙusa gabansa, ta ce, "Malam, mun kama shi. Da tsohon lissafinka muka bi sawu, kuma mun roƙa a bar maka sunan."

Ta soma sauya hotunan. Ni ban ga komai ba sai baƙi da ɗige-ɗige. Mutumin da bai gane ƙanwarsa ba da safiyar ranar ya miƙa yatsa, ya ɗora daidai kan ɗigon.

"Ga shi nan," ya ce. "Ka daɗe."

"Wane suna za a sa, Malam?"

Ya juya ga kujerar ya daɗe yana kallonta, kamar mai jiran a taimake shi. Mahaifiyata ta toshe baki da gyale ta fice. Ni na matsa kusa da kunnensa, na faɗa masa sunan a hankali, na maimaita.

Ya yi murmushi, ya gwada shi a bakinsa.

"Suna mai daɗi," ya ce. "Na wace ce?"