Gurmin Abokina a Faifan Wasu

Shekarun baya, lokacin da korona ta kulle mu a ɗaki a unguwar Najma a Qatar, abokina ya zaro gurmi daga ƙasan akwatinsa. Aikin gadi muke yi tare, amma ban taɓa sanin ya iya kiɗa ba. Wasu samari masu jita, 'yan Filifin biyu da wani ɗan Labanon, suka ga wani bidiyonsa yana kaɗa gurmin, suka jawo shi ƙungiyarsu. Kiɗan Turawa na rok suke yi, kuma babu wani kamfani a bayansu.

Tun farko ban yarda da su ba. Halina ke nan, ko gaisuwa ta cika tsawo sai na fara neman abin da ke ƙarƙashinta.

Da aka sassauta kulle suka naɗi faifai a wani ɗaki a unguwar Al-Sadd, ya fito dab da gasar kofin duniya. Masu sharhin waƙa a intanet suka yi ca a kansa. Wasu sun kushe muryar mawaƙin, amma kusan kowa ya yabi sautin gurmin. Wani ma ya ɗauka ɗan Labanon ɗin ne ya ƙirƙiro shi da jita. Na duba hoton faifan, mutum uku. Sunan abokina babu shi ko'ina.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ai ga shi nan, sun ci guminsa sun share baki.

Ban gaya masa ba, na tare ɗan Labanon ɗin da guntun Turancina ina kumfar baki. Ya bari na gama, sannan ya ce shi ya gaji da roƙon abokina a sa sunansa, ya ƙi.

Na koma ɗaki na tsare abokina.

"Malam, me ya sa ka ɓoye kanka?"

Ya ce, "Ka san babana liman ne. An kai gaisuwar aurena gidan mutunci. Ranar da aka ga sunana a faifai, cewa za a yi na zo Qatar roƙo. Khalas, a bar maganar."

"To yabon fa? Naka ne fa!"

"Ina karantawa ai," in ji shi.

Da aka gayyace su wasa a wani fili lokacin gasar, na je. Kowa ya daɗe da yar da takunkumi, abokina kaɗai ya hau dandamali da nasa, ya zauna can baya inda haske bai kai ba.

Zargi dai ban daina ba, sai dai yanzu nakan tambayi mai abu kafin in tafi yi masa faɗa. An yi auren, har da 'ya'ya. Amma abin yana yi mini ciwo har yau, domin matarsa ba ta taɓa jin yana kaɗa gurmin ba.