Rayuwar Mushe Chaibu, Masanin Kobordizim na Tsibiri

Marigayi Mushe Chaibu (Mushe laƙabin malaman boko ne) ya sha faɗin cewa daga Yamai har Diffa shi kaɗai ya san ilimin kobordizim, kuma malaman Turai ba su yanke magana a kansa sai sun rubuto masa. An haife shi a Tsibiri a shekarar 1956. Mahaifinsa Malam Abdulƙarim manomin hatsi ne, mahaifiyarsa Tsahara tana saida ƙuli-ƙuli.

Karatu da aiki

An sa shi lakwal, wato makarantar boko, a 1963, ya wuce jami'a a Yamai a 1976, ya karanci lissafi. A 1980 ya fara koyarwa a wata lise, wato makarantar sakandare, a Maraɗi, inda ya shekara talatin da shida yana zuwa daga Tsibiri bisa babur. Ɗalibansa sun shaida ya iya koyarwa, amma shi bai taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba.

Aure

Ya auri Ramatu a 1983. Ita kaɗai ke sauraronsa har ƙarshen zance, tana tankaɗe tana cewa "to, Malam". Ta rasu a 2012.

Tafiya Faransa

A 2003 aka tura shi ƙaro sani na wata biyu. Can ya faɗa wani ɗakin lacca, ya fito da takarda mai shafi arba'in a kan kobordizim, reshen da ake kira motibik. Yadda ya bayyana shi, abubuwa biyu dangi ne in sun zama bakunan abu guda, kamar ƙugun wando da ƙafafunsa biyu. Motibik kuwa shi ne a yi wannan aikin da aljabra, ba da abin da ido ke gani ba. Ya taɓa yi wa Jibo, telansa na Sabon Gari, wannan bayani. Jibo ya ce, "Mushe, ashe shekara talatin ina kobordizim ban sani ba. A ɗage maka ƙafar ko a bar ta haka?"

Tun daga nan ya daina zama da sauran malamai, wai ba sa'o'insa ba ne. In ya nufo fadar masu shayi, sai kowa ya tuna yana da aike.

Shekarun ƙarshe

Ya aje aiki a 2016. Gidan ya yi masa faɗi, kuma abin da yake so bai wuce mutum guda da za su yi zancen takardar nan ba. A 2017 ya rubuta wa malamar da ta yi laccar. Mutanen unguwarsu duka da akwatin gidan waya na Alhaji Shamsu mai atamfa suke karɓar wasiƙa, amma shi ya ga bai dace wasiƙar masana ta biyo ta shagon atamfa ba, sai ya sa akwatin lisen da ya bari. Bai taɓa zuwa tambaya ba, don ya riga ya gaya wa mutanen lisen cewa duk sati wasiƙun Turai na iske shi har gida. Shekara shida yana zama ƙofar gida da la'asar, takardar bisa cinya.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 14 ga Maris 2023, aka rufe shi a Tsibiri kusa da Ramatu. Ya bar ƴaƴa uku: Idirisa a Yamai, Hafizu a Kano, da Saudatu da ke aure a Jiratawa.

Ranar sadakar uku, masinjan lise ya kawo ambulan mai tambarin Faransa da aka tsinta cikin durowa. Jama'a suka gyara zama, Idirisa ya ce, "Saudatu, karanta da ƙarfi, ta'aziyyar abokan Baba ce." Ta karanta tana fassarawa. Malamar ta gode masa, ta ce ta ji tausayin shekara goma sha huɗu da ya ce ya yi bai wuce shafi na uku na takardar ba. Ta haɗo bayanin shafin, ta ce ya rubuto duk lokacin da ya so. Kwanan watan da ke sama shi ne 9 ga Mayu 2017.