Ƙwayar Adda Ummu

Ban taɓa mantawa da ranar da Marta ta leƙo tagar ofishina tana fifita da karnenta ba. Ku da kuka tarar da kwamfuta kun huta. A zamaninmu, ina sakatariyar sashen mata a wani asibiti a Garwa, biro da hatimi ne kayan aikina. Likita ya rubuta cuta, ni in nemo lambarta in ɗora a kan karne, wato ɗan littafin da majiyyaci ke tafiya da shi gida. Sankarar mama lambarta C50, kuma na rubuta ta har hannuna ya haddace.

Sai dai lambar ba ta faɗin halin ciwon. Don a san wannan, ana yankar 'yar tsoka a sa a kwalba, mota ta kai ta Ngaundere, jirgin ƙasa ya wuce da ita Yawunde, mu yi ta jira har mu gaji. In sakamako ya nuna cewa ciwon yana rayuwa ne da sinadarin jikin mace, sai a ba mai shi ƙwaya ɗaya kullum na tsawon shekaru, ta toshe masa abinci. Akwai nau'in da ke da nasa magani daban. Akwai kuma wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin alamomin da ake nema, ƙwayar ba ta yi masa komai, sai shimiyo, maganin da ake ƙarawa ta jijiya.

Marta da Adda Ummu masu bandar kifi ne a Lagdo, murhunsu na jingine da juna. Ummu Bahaushiya ce, jikar fatake. Marta Kirista ce daga duwatsun Mora. Tare aka yi musu aikin cire sankarar mama, tare suke zuwa, kuma ba su taɓa shigowa ba tare da sun cika mana ofis da ƙamshin kifi da surutu ba. Ummu aka rubuta wa ƙwaya. Marta nata ciwon mai taurin kan ne.

"Madam, ƙwayar nan zufa take sa ni," in ji Marta ranar. "Babu abin da za a ba ni?"

Na ce, "Wace ƙwaya? Ke ai ba a rubuta miki ba."

Ummu, da ke bayanta, ta ɗora karnenta kan na Marta ta nuna mini rubutun hannuna. "Ga shi, lamba ɗaya. Ciwo ɗaya, ku ba ni magani ku hana ta? Shi ya sa muke rabawa. Yau ni, gobe ita."

Nan na gane. Wato Ummu rabin maganinta take sha, ciwon da aka cire na iya dawowa, ga Marta na shan wahalar banza. Na ja su wurin likita. Ya yi bayani da Faransanci, na juya da Hausa, na ƙara da Fulatanci, Ummu ta kafe. Ta ce ita ba a raine ta ta ci abu 'yar'uwarta na kallo ba, in ba za a ba Marta ba, ita ma ta bari.

Marta ce ta dubi karnen ta ce, "Adda, tarwada da karfasa duk kifi ake ce musu. Wuta ɗaya kike ba su a banda?"

"A'a."

"To ni tarwada ce. Ki sha abinki."

Har likita sai da ya yi dariya, amma Ummu kuka ta yi. Daga ranar Marta ta karɓe ƙwayar ta ɗaure a bakin zanenta. Kowace safiya kafin a hura wuta sai ta miƙa wa Ummu ɗaya, ta tsaya a kanta har ta haɗiye, ta ce buɗe bakin in gani. Mu kuma, da izinin likita, muka fara rubuta nau'in ciwon kusa da lambar, muna karanta wa kowace mace da harshenta kafin ta fita.

Marta ba ta ga damina ta biyu ba. Ina kewarta har yau, da dariyarta mai cika baranda.

Abin da na koya shi ne, lamba ta ofis ce, amma karne gida yake tafiya, kuma mutanenmu ba su iya cin abu su kaɗai ba. Ku tuna da wannan in kuna danna lambobinku.

Ummu ta gama shekarun maganinta lafiya. Bayan na yi ritaya ta zo mini gida a unguwar Poumpoumré da ƙunshin kifi, na tambaye ta ko ta taɓa tsallake rana bayan rasuwar Marta. Ta ce ko ɗaya. "In na haɗiye, Madam, sai in buɗe bakin, ko da babu mai dubawa."