Jirgin Ɗanmaliki Sai da Turi

Ɗanmaliki mutumin Kaikai ne, amma a Kankiya aka san shi, a bakin titin Kano zuwa Katsina, inda ya kafa rumfar faci tun lokacin da arzikin fetur ya cika hanya da motoci. Dogo ne siriri, ga surutu, kuma yana da hali guda: in aka ba shi zaɓi, mai hoto yake ɗauka. Ko kifin gwangwani zai saya, sai ya duba wanda kifin jikinsa ya fi fara'a.

Wata rana tayar wani Bature mai haƙar rijiyar burtsatse ta sace a gaban rumfarsa. Baturen ya gama aiki zai koma ƙasarsu, mota shaƙe da kaya. Yana jiran faci sai ya buɗe wani kwali cike da ƙananan littattafai, ya shiga bayani da guntuwar Hausarsa. Wai wasa ne: mutane su zauna, kowa ya zama wani a cikin jirgin da ke yawo tsakanin taurari, mutum ɗaya yana ba da labari, ana jefa ɗan lido a ga abin da zai faru.

"Ɗauki biyu," in ji Bature. Ya nuna wani baƙi mai kauri. "Wannan babba. Saura duka ƙari ne."

Ɗanmaliki ya juya baƙin, babu hoto ko na ƙuda. Ya ajiye. Ya ɗauki mai hoton wata dabba mai ƙafa shida, ya haɗa da mai hoton kasuwa a gindin wani ƙaton jirgi.

"Babba fa!" in ji Bature.

"Riƙe babbanka ka yi guzuri," in ji Ɗanmaliki. "Waɗanga sun ishe ni."

Da yake ba ya jin Turanci, sai ya nemi Malam Hussaini, malamin firamare a Ƙofa, wanda ke tsayawa kullum a ƙara wa kekensa iska. Na ukunsu Dabo ne, wani manomi daga Boko, da ya zo sayen tsohuwar taya ya yi takalmi, ya ji ana zancen taurari ya zauna.

Bayan la'asar suke haɗuwa. Malam ya fassara, Ɗanmaliki ya ƙara gishiri. Dabo ya zama falke, Malam ya zama direba. Suka yi lodi, Dabo ya sayi dabbar nan mai ƙafa shida bayan cinikin da ya kusa kai su magariba, ya sa mata suna Gimbiya.

"To Malam, tada jirgi," in ji Ɗanmaliki.

Malam ya buɗa nan, ya buɗa can. "Sun ce a duba babban littafi."

"Mi?"

"Yadda ake tada jirgi yana cikin babba. Da yadda ake sauka. Da taswirar taurarin."

Ɗanmaliki ya ji kamar ya bi Baturen da gudu. Amma shi ba mai yarda ya yi kuskure ba ne. Ya ce ai dama gaggawa ba ta da kyau, a ƙara lodi.

Haka suka ci damina guda a tasha. Sun san kowane ɗan kamasho na duniyar taurari, sun yi rigima da mai awon kaya, Gimbiya ta yi ƙiba, jirgi ko motsi. Masu shayi suka fara tambayar Dabo, "Alhaji, yaushe aka dawo daga sama?"

Ran da abin ya ishi Dabo, ya ce shi zai sauke dabbarsa ya koma gida. Nan dabara ta faɗo wa Ɗanmaliki.

"Malam, in mota ta ƙi tashi, mi ake mata?"

"Turawa."

"To jirgi ɗan wa ne?"

Malam ya hau benci ya riƙe murfin tukunya a matsayin sitiyari, Ɗanmaliki da Dabo suka dafa bayan benci suna nishi. Aka jefa ɗan lido, shida ta fito. Benci ya kife, Malam ya faɗa cikin bahon da ake neman hujin tiyub, ya taso yana ihu, "Ya tashi! Wallahi ya tashi!"

Sai dai babu taswira. Suka yi ta shawagi, da Ɗanmaliki ya rasa inda zai kai su, sai ya sauke su a Kusada ranar kasuwa. Daga nan kuwa wasan ya yi daɗi. Shekaru suka yi suna yi, wani zubin su je duniyar wata, wani zubin Charanci.

Rigima ɗaya ce ta taɓa raba su. Wani yammaci ɗan lido ya faɗi ba daidai ba, Gimbiya ta ci wata ciyawar tauraro ta mutu. Dabo ya miƙe, ya saɓa fartanyarsa, ya kama hanyar gida. Kasuwa ta ci, ta sake ci, babu Dabo.

Abin ya dami Ɗanmaliki ƙwarai. Ya sa babbar riga, ya ɗauko Malam a keke, suka tafi Boko jaje. Suka tarar da Dabo a ƙofar gida da maƙwabta, suka durƙusa.

"Dabo, ya muka ji da hasara? Allah ya mayar da alheri," in ji Ɗanmaliki.

Idon Dabo ya ciko. "Amin. Ta yi biyayya, baiwar Allah."

Maƙwabta suka dubi juna. Wani dattijo, Hamma, ya ce, "Wai mi ya mutu?"

"Dabba ce, Baba," in ji Malam a hankali. "Mai ƙafa shida."

Hamma ya zabura ya dafe ƙirji. "Ashe taka ce! Ita ta cinye mani wake bara! Na ga sawun, na ce wannan ba na akuya ba ne!"

Duk rantsuwar da suka yi, Hamma bai saurara ba. Sai da Dabo ya auna masa wake, Ɗanmaliki kuma ya yi masa alkawarin facin keke kyauta, sannan ya haƙura.