Motar da Aka Ce Ni Na Ɗaure

Jama'a, abin da zan faɗa muku ba ji na yi ba, a kaina ya faru, a nan Mubi, unguwar Lokuwa, kuma wallahi in na ƙara ko kalma ɗaya Allah ya tambaye ni.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, direba ne, yana da babbar motar katako da yake kwaso gyaɗa da dawa daga Digil da Michika zuwa kasuwa. Shekarar da aka yi ƙuri'a ta biyu, ta ko mu bi Najeriya ko Kamaru, ciwo ya kama shi, sai ya sa aka ɗaga motar a ƙofar gida aka ɗora ta kan duwatsu huɗu don kada tayoyi su lalace, wai in ya warke ya sauke ta. Bai warke ba. Shekara shida tana nan, kaji na ƙwai a mazaunin direba, ni kuma ina shanya kuɓewa a kanta.

Da yaƙin basasa ya tashi motoci suka yi wuya, sai ƙaninsa Modu, wanda bai taɓa leƙo marayu da ko mudun hatsi ba, ya tuna akwai mota. Ya kawo wani makanike mai suna Yohanna, mutumin kirki marar hayaniya, suka yi sati uku a kanta, a wanke tanki, a zubar da tsohon baƙin mai da ya daskare kamar maɗi, a fatattaki ɓerayen da suka cinye wayoyi, ga sabon batir ga tayoyi, kuma ni ce nake dafa musu abinci kullum, ku riƙe wannan. Ranar da suka gama suka sa jak suka sauke ta, suka watsar da duwatsun gindin katanga. Yohanna ya juya handul, ƙarfen tayar da mota, inji ya kama, hayaƙi ya turnuƙe, maƙwabta har da guɗa. Ya hau ya sa giya. Ko motsi!

Ya sauko ya duba birki, a sake yake. Ya kwance kuloci ya mayar. Aka tara ƙarti kusan ashirin suka tura, kai ka ce dutsen Mubi suke turawa. Kwana huɗu ana haka, sai Modu ya tsaya a gaban jama'a ya nuna ni da yatsa.

"Matar yaya, ki kwance abin da kika ɗaura. Kowa ya san ba kya son motar nan ta bar ƙofar gidanki."

Ni! Ni da ban taɓa taka ƙofar boka ba, 'yar malamai gaba da baya! Na ce, "Modu, tuwona ne a cikinka kake faɗa min haka?" Ya ce ko a gaban alƙali zai maimaita. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, matar da muke zuwa rijiya tare ta gan ni ta janye 'yarta.

Washegari da rana tsaka, maza sun tafi masallaci, Yohanna ya tafi neman wani ƙarfe, ina ɓare gyaɗa a zaure, sai ga wata tsohuwa zaune a inuwar motar, ƙwarya a kafaɗarta kamar yadda matan Michika suke ɗauka. Ban ga zuwanta ba. Na gaishe ta na kai mata ruwa. Ta dube ni ta ce da irin Hausarsu, "'Yata, mijin ka ya ɗauki dutsen murhu na ya tokare mota, bai mayar ba. Shekara da shekaru ina girki a kan dutse biyu, tukunya yana zubewa." Ta ce gidanta na hanyar Digil, bayan an haye mayo, wato rafi, inda hanya ta yi gangara. Na juya in duba gindin katanga, na waiwayo, babu ita. Ruwan na nan a cike, kuma ƙasar wurin duk baƙin mai ce da za ta nuna sawun ko kaza, amma sawuna kaɗai na gani. Innalillahi!

Na je na birkita duwatsun. Uku farare ne, na huɗun kuwa gefensa baƙi ƙirin da tsohon hayaƙi. Duk macen da ta taɓa hura wuta za ta gane shi, amma mazan da suka watsar da shi ba wanda ya lura. Da na faɗa wa Modu sai ya yi dariya, wai yanzu kuma aljana na samo ta ɗauke min laifi.

Washegari da hantsi na yi gammo na aza dutsen nan a kaina, nauyinsa har yau wuyana bai manta ba, na kama hanyar Digil a ƙasa. Na haye mayo, na ga gangaren, na ga wani kango a gefen hanya, ciyawa ta kai ƙugu, bishiya ta tsiro a tsakiyar ɗaki. A kusurwa ga duwatsun murhu biyu, da gurbin na uku. Na yi bismillah na ajiye shi, ya zauna daram. Sai hannuna ya taɓa tokar da ke tsakani. Wallahi tallahi da ɗuminta, kamar yanzu aka sauke tukunya. Wani manomi da na tarar a hanya ya ce tun yana goye ba mai zama a wurin.

A hanyar dawowa, ban kai mayo ba na ji ƙugin inji. Ga motar nan tafe, Yohanna na tuƙi, Modu a gefe yana washe baki, mutane cike a baya. Na tsaya zuciyata fari ƙal, na ce yau za a wanke ni. Sai Modu ya leƙo ta taga ya ɗaga murya:

"Kun gani ko? Tana barin gidan mota ta tashi!"

Suka kwashe da shewa. Yohanna kaɗai ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, hau mu kai ki." Na ce ƙafar da ta kawo ni za ta mayar da ni. Motar ta yi shekara tara tana aiki, ban taɓa sa ƙafata a cikinta ba, sunan "mai ɗaure mota" kuwa ya bi ni har aurar da 'ya'yana, Modu ya mutu bai nemi gafarata ba.

Wace ce tsohuwar, ban sani ba, kuma ban koma in tambaya ba. Ku dai direbobi, in mota ta tsaya muku a daji kuka rarumi dutse, ku juya shi ku duba. In kun ga baƙi, ku ajiye shi inda kuka same shi, wataƙila akwai mai tukunya a kai.